Kundin kicin: burawuni da kukis, daga hunturu zuwa Ƙaramar Sallah

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ga aikin da na ɗora wa kaina: kafin Ƙaramar Sallah ina so hannuna ya faɗa da burawuni (baƙin kek na koko mai nauyi da ake yankawa ƙanana) da kukis (biskit ɗin gida) na cakulan, yadda duk ranar da na kunna obin za su fito iri ɗaya, ba yau a yaba gobe a yi shiru ba. Cincin da dubulan da alkaki suna nan a matsayinsu, waɗannan ƙari ne a faranti. Ana sa ran azumi farkon Maris, saboda haka Janairu da Fabrairu ne lokacin gwaji, tunda baki a buɗe yake, Zariya kuma tana cikin sanyinta.

Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: obin ɗin gas da ke ƙarƙashin murhu, wanda makunninsa lambobi ne kawai babu digiri, gwangwanin gashi mai kusurwa huɗu, santimita 20 kowane gefe, tire biyu da maburgin ƙarfe. Yau na shiga kasuwar Sabon Gari na ƙaro sikelin kicin mai batir, ma'aunin zafi da ake ratayewa cikin obin, takardar gashi da hodar koko.

Sikelin na fara biya. Girke-girken abubuwan nan biyu yawancinsu daga Amurka suke, can kuma da kofi suke awo, kofin da ke cin kusan mililita 240. To amma fulawa ba ruwa ba ce. In an zuba ta da cokali a hankali, kofi zai ba da giram 120. In an cusa kofin cikin buhu an danna, sai ya kai 150. A cincin wannan ba abin damuwa ba ne, hannu zai ji kwaɓin ya gyara. A burawuni, wanda duk fulawarsa rabin kofi ce, shi ke raba abin da ake nema da busasshen kek. Daga yau komai da giram zan rubuta.

Asabar, 11 ga Janairu

Kafin in zuba ƙwai da bota, obin ɗin na fara gwadawa shi kaɗai. Girkin Amurka zai ce 350, wannan a ma'auninsu ne na Faranhait. A namu 177 ke nan, a ce 180. Na kunna, na kai makunni tsakiya, na ba shi minti 20. Allura ta haura 200. Sai da na dawo da shi kusan ƙarshen ƙasa sannan ta tsaya tsakanin 170 da 180. Na ɗiga jan farce a daidai wurin.

Daga nan na jera yankan burodi a tire har ya cika, na tura. Da na fito da su, na can baya ta hagu ƙasansu ya fara baƙi, na bakin ƙofa ko launi ba su sake ba, saman duka kuwa fari fat. Wutar daga ƙasa kawai take zuwa ke nan, baya kuma ya fi gaba zafi. Abin yi: tire ɗaya babu komai a matakin ƙasa ya tare wutar, gashi a matakin da ke sama da tsakiya, in an ci rabin lokaci a juya gwangwani gaba ya koma baya. Burodin yara sun sha shayi da shi.

Da la'asar na gasa burawunin farko: narkakkiyar bota, sukari, koko, ƙwai biyu, fulawa kaɗan, babu bekin foda ko ƙyas. Na soka tsinken sakace a tsakiya ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi, na sauke. Ya huce, na yanka, na kai wa Hajiya, mahaifiyar maigida, a sashenta.

Ta gutsura, ta ɗaga sauran ta duba cikinsa. "Yarinya, wannan kek ɗin naki wuta ba ta ratsa shi ba. Ko gas ne ya ƙare?"

"A'a Hajiya, haka ake son sa, da danshi a ciki. Ku ƙara ɗanɗanawa ku ji."

"To, Allah ya yi albarka." Ta tura wa jikoki farantin.

Ban ga laifinta ba. Kek ɗin da muka sani a biki da suna mai tashi ne, mai laushi, tsinke ya fito tas. Burawuni tun asali ba don ya tashi aka yi shi ba. Otal ɗin Palmer House da ke Chicago na cewa a kicin ɗinsa aka fara yin sa a 1893, lokacin da Bertha Palmer, matar mai otal ɗin, ta nemi masu girki su yi wa matan da suka zo babban baje kolin duniya na shekarar wani abin zaƙi da zai shiga akwatin abincin rana, a ci da hannu ba tare da ya wargaje ba. Abu ne mai nauyi, mai maiƙo, da ake yankawa ƙanana. Duk da haka akwai gaskiya a tsoron Hajiya, don tsakanin danshi da ɗanye minti uku ne ko huɗu. Tsinke ya fito da ruwan kwaɓi mai sheƙi, ɗanye ne. Ya fito da ɓurɓushi, ya yi. Ya fito tas, an wuce wuri.

Laraba, 15 ga Janairu

Maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko Milo ko Bournvita za su tsaya a madadin koko. Ba za su tsaya ba. Su garin sha ne, an riga an haɗa su da sukari da sauran kaya, kokon da ke ciki ba shi ne mai rinjaye ba. Burawuni tsantsar koko yake so, mai ɗacin nan da ba a iya lasa.

Shi ma iri biyu ne a shaguna. Akwai mai ja-ja, mai ɗan tsami, wanda aka bari yadda yake. Akwai mai duhu da aka kashe wa tsami da sinadarin alkali, dabarar da ake dangantawa da Coenraad van Houten na ƙasar Holan. Gidansu ne ya yi rajistar injin matse mai daga ƙwayar koko a 1828, daga nan aka samu hodar da muke saye yau. A burawunin da babu abin tashi, kowanne ya samu ya yi. Na gasa da duka biyun, mutanen gida suka zaɓi mai duhun, ina jin ido ne ya fara zaɓa kafin harshe.

Abu biyu na riƙe: a tankaɗe kokon, don yana dunƙulewa, sannan a zuba shi cikin bota tun tana da zafi. Ƙamshin da ke tashi a wannan lokacin ba ya tashi in an haɗa shi da fulawa a bushe.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ɓawon sama na bi, siririn nan mai sheƙi da ke tsattsagewa in wuƙa ta taɓa shi. Na farko bai yi shi ba, samansa dusu-dusu. Sirrin yana wajen narkewar sukari. Sukarin da muke aunowa a kasuwa ƙwayarsa manya ce, ga ƙwai ya kwana cikin sanyin hunturu, sai a gama kwaɓi yana nan garas-garas. Na ɗan bugi sukarin a bilenda, na jiƙa ƙwan da ɓawonsa a ruwan ɗumi, sannan na kaɗa su tare da maburgi har sai da na murza tsakanin yatsu ban ji tsakuwa ba. Hannu ya gaji, amma ɓawon ya fito.

Maigida ya ce zaƙin ya yi masa yawa. Na yi wani da sukari giram 170 maimakon 230. Sheƙin ya ɓace, washegari kuma ya bushe. Sukari a nan ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba, shi ke riƙe danshi. Na mayar da shi yadda yake, na ƙara gishiri zuwa rabin ƙaramin cokali, na narka ƙaramin cokali na garin kofi a cikin botar. Ba a jin kofin, ɗacin cakulan ne ke ƙara fitowa. Wanda zaƙi ya dama a yanka masa ƙarami.

Asabar, 25 ga Janairu

Maganar mai. Botar madara ta gaske kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari mai ce, sauran galibi ruwa. Ita girke-girken ke nufi, ita ce kuma mai tsada, ga neman firij. Majarin mai laushi na shafa wa burodi ruwansa ya fi yawa, ba na gashi ba ne. Majarin na gashi da ake aunawa yana aiki, sai dai ɗanɗanonsa lami, kuma yana barin maiƙo a ganda.

Sai na ce me zai hana man shanu. Wanda ke gidan da albasa aka soya shi, na tuwo ne, ba ya shiga nan. Na sayi ɗanye wajen mai nonon da ke kawo mana, na wanke shi da ruwan sanyi har tsamin nonon ya ragu, na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan babu albasa. Ya yi kumfa, ya yi ta ƙara, can ya yi shiru, alamar ruwan ya ƙone. Gutsi-gutsin da ke ƙasa suka koma ruwan ƙasa, na sauke na tace. Tunda ruwansa ya tafi, a madadin bota giram 100 nakan sa man shanu giram 82 da babban cokali ɗaya na madara.

A burawuni koko ya danne shi, sai wani ƙamshi da ke biyo baya bayan an haɗiye. Hajiya ta gane shi nan take. "Wannan da man shanu kika yi?" Ta cinye yankan, amma na gefe ta zaɓa, inda ya fi gasuwa. Na lura da wannan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An shiga kukis. Irin mai gutsattsarin cakulan a ciki ana jingina shi ga Ruth Wakefield, mai masaukin Toll House a garin Whitman na jihar Massachusetts, wadda ta fitar da girkin a 1938. Sandar cakulan ta daddatsa ta zuba a kwaɓi; 'yan ƙwayoyin da ake sayarwa a leda daga baya kamfanin Nestlé ya fara yin su, yana buga girkinta a bayan ledar. Wannan ya kwantar min da hankali, don sandar ce nake samu, wuƙa kuma ina da ita.

Na yi da farin sukari zalla, don shi ke hannu. Sun baje, sun yi fari-fari, suka fito ƙarau. Yara sun so su da shayi, amma ba su nake nema ba. Wanda nake nema gefensa ne ke da ƙarau, tsakiyarsa da taushi da ɗan danƙo. Wannan aikin jan sukari ne, wato farin sukari da aka bar masa ko aka mayar masa da baƙin ruwan rake. Ruwan raken nan yana jan danshi, yana kuma da ɗan tsami, tsamin da bekin soda ke buƙata kafin ya yi aiki. Jan sukarin leda yana manyan shaguna, kuɗinsa kuwa ba a magana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mazarƙwaila. Muna zaune kusa da Maƙarfi, ƙasar rake, ina neman jan sukarin da ya hau jirgi. Ita fa ruwan rake ce da aka dafa har ya daskare, babu abin da aka cire mata, duk abin da jan sukari ke taƙama da shi tana da shi har da ƙari.

Sai dai tana da halinta. Na goga ta a magogi na zuba kai tsaye, sai ga ƙananan dunƙule da suka narke a obin suka bar ramuka masu danƙo, wani wurin kuma haƙori ya ci karo da yashi. Hanyar da ta fi: a daddatsa giram 100, a sa babban cokali biyu na ruwa, a narka a wuta kaɗan, a tace da rariya mai laushi. Abin da ya rage a rariyar ya isa ya sa mutum ya daina tsallake tacewa: ɓurɓushin rake, da ɗan baƙi-baƙin da ban tsaya bincike ba. A bari ta huce sannan a haɗa da narkakkiyar bota. Saboda ruwan da aka ƙara, na ɗaga fulawa daga giram 180 zuwa 195.

Curi ma ba ɗaya ba ne. Mai baƙi sosai tana da ɗaci da warin hayaƙi, ta danne cakulan. Mai haske zaƙi ne kawai. Ta tsakiya, mai launin zuma mai duhu, ita ce tawa. Mai sayarwa ya ga ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, ya ce, "Hajiya, alewa za a yi ne ko magani?" Na ce biskit. Ya yi dariya ya ƙara min gyara.

Sakamakon ya fi abin da na zata. Kukis ɗin sun ɗan kumbura sun faɗa, saman ya yi tsage-tsage, launin ya yi ja mai kyau, kuma bayan kwana biyu a cikin wannan busasshiyar iskar suna nan da taushinsu, alhali na farin sukarin da safe ɗaya suka zama na jiƙawa. Na soya gyaɗa sama-sama, na murje, na tsince duk mai baƙi ko alamar fumfuna, na zuba giram 60. Girkin Amurka gyaɗar Turawa yake kira, wadda sai an shigo da ita. Tamu da mazarƙwaila sun daɗe da sanin juna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na koma sayen cakulan na tarar ya sake tashi. Wannan ba daga mai shago ba ne. A Maris ɗin 2024 tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, a Disamba kuma ya wuce 12,000. Kwaddibuwa da Ghana, waɗanda suka saba noma fiye da rabin kokon duniya, sun yi rashin amfanin gona saboda yanayi da cututtukan bishiyar, ga masu haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba suna cinye gonaki a Ghana. Abin da ke ba ni haushi shi ne a Ondo da Kuros Riba ana noman koko, har dogon benen Cocoa House na Ibadan da kuɗinsa aka gina shi a 1965, amma sandar da ke hannuna sai da ta je Turai ta dawo.

Yanzu ina karanta bayan leda. In an rubuta man koko, cakulan ne na gaske. In man ƙwarar manja ne ko wani man ganye a madadinsa, na kwaikwayo ne: ya fi arha, ya fi jure zafi, amma ba ya narkewa a baki yadda ya kamata. Shawarar da na yanke: burawuni da hodar koko kawai, ta ishe shi, cakulan na gaske a adana wa kukis, inda ake cin karo da shi gutsure-gutsure.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na raba kwaɓi biyu jiya. Rabi na gasa nan take, rabi ya kwana a firij. Na kwanan ya fi kauri, ya fi ja, ɗanɗanonsa ya fi zama, don fulawa ta samu lokacin shan ruwan ƙwai, botar kuma ta daskare ba ta saurin malalewa. Bambancin ba sai an faɗa wa mutum ba.

Matsalar ita ce firij sai da wuta. Kwaɓin akwai ɗanyen ƙwai, ba zan bar shi a kan tebur in ce ai ana sanyi ba. Daren da aka ɗauke wuta, na mulmula shi ƙwallo-ƙwallo na giram 40, na rufe a roba, na sa a kula da ƙanƙarar leda biyu. Da safe yana nan da sanyinsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙanwata ba ta da obin, ta ce, "Yaya, ni fa sai dai ki nuna min na tukunya." Muka yi a tsakar gida. Babbar tukunya mai kauri, yashi wankakke busasshe kamar tsawon gaɓar yatsa biyu a ƙasa, gwangwanayen tumatir uku da aka fafe a kai don gwangwanin gashi ya hau kada ya taɓa yashin. Muka rufe, muka ba ta minti 15 a kan kurfoti ta yi zafi. Na jefa ma'aunin zafina ciki don in gani: yana kai 170 lafiya lau, amma da an ɗaga murfi sai ya faɗi warwas, ya daɗe bai dawo ba.

Burawuni ya yarda da tukunya, ya ma fi kek yarda, tunda ba a jiran ya tashi. Ya ɗauki kusan minti 35. Saman ne ya ƙi bushewa sai da muka ɗora garwashi kaɗan a kan murfi a mintocin ƙarshe, muka kuma share gumin da ke taruwa a cikin murfin don kada ya ɗiga. Kukis kuwa wahala ne: guda biyar ko shida ke shiga a lokaci ɗaya, ƙasansu na rigan samansu. Na ce mata ta baje kwaɓin kukis ɗin gaba ɗaya a gwangwani ta gasa, ta yanka murabba'i. Daɗin ɗaya ne, gawayin ma ya ragu.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya shigo tare da shi. Duk abin da na daidaita a hunturu sai da ya motsa. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, man koko wajen 34, kicin ɗina kuwa da azahar, in obin na kunne, ya wuce haka. Kwaɓin da a Fabrairu yake tsayawa a cokali yanzu tun a tire yake sheƙi, ya shiga obin ya baje, kukis suka haɗe da juna. Cakulan da nake daddatsawa ya manne a wuƙa da yatsu. Wata sandar da ta narke a kabad ta sake daskarewa ta yi fari-fari a sama. Ba fumfuna ba ce, man kokon ne ya taso, ta shiga kwaɓi lafiya.

Masu rubuta girkin nan in sun ce a bar bota ta yi laushi a zafin ɗaki, ɗakin digiri 20 suke nufi, ba na Zariya a Maris ba. Sabon tsari: kwaɓi bayan tarawihi, ya kwana a sanyi, gashi bayan sahur kafin rana ta ɗaga. Ƙwallayen daga firij kai tsaye zuwa obin, tire kuma sai ya huce sarai kafin a jera na gaba, in ya ƙi a zuba masa ruwa a baya. Cakulan ya shiga firij minti 10 kafin wuƙa ta taɓa shi.

Gashi da azumi a baki yana koya wa mutum amfani da ido da hanci. Kukis ya yi idan gefe ya yi ja, tsakiya kuma tana kamar ba ta gama ba. Zafin tire zai ƙarasa ta. Autana da bai kai azumi ba shi ne mai ɗanɗano, sai dai a wurinsa komai "ya yi daɗi, Umma, a ƙaro".

Asabar, 22 ga Maris

Na tsayar da awo, ba zan sake taɓa shi ba kafin Sallah.

Burawuni, gwangwanin santimita 20: bota giram 130 (ko man shanu 105 da madara babban cokali ɗaya da rabi), hodar koko 70, garin kofi ƙaramin cokali, sukari bugagge 230, ƙwai 2, fulawa 65, gishiri rabin ƙaramin cokali, filebon banila. A narka bota a zuba koko da kofi. A kaɗa ƙwai da sukari daban har su yi kauri. A haɗa, a zuba fulawa a juya da muciya har farin ya ɓace, a tsaya nan. Yawan juyi na sa shi tauri. Digiri 170, minti 22 zuwa 25. Kada wuƙa ta kusance shi sai ya huce gaba ɗaya, in da hali ya ɗan shiga firij. Yanka 16.

Kukis: bota 115, mazarƙwaila 100 narkakkiya tatacciya, farin sukari 70, ƙwai 1, fulawa 195, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, cakulan 150, gyaɗa 60. Ya kwana a sanyi. Ƙwallo giram 40, tazarar yatsa uku tsakani, digiri 180, minti 11 zuwa 13. Yana ba da 18 ko 19. A nan man shanu zalla ya yi ƙarfi, rabi da rabi ya fi.

Asabar, 29 ga Maris

An sanar daga fadar Sarkin Musulmi an ga wata, gobe Lahadi Sallah. Ƙwallayen kukis tun farkon mako suke firiza, yau gashi kawai, an ƙara musu minti biyu saboda ƙanƙara. Burawuni na bari sai daren nan, don a wannan zafin kwana uku ne iyakarsa a waje. Cincin da dubulan an gama su tun shekaranjiya.

Gwangwani ɗaya na ware na bar shi minti 28, tsinke ya fito kusan tas. Na Hajiya ne da ƙawayenta. A wurina ya wuce, amma ba ni zan ci ba. Ta aiko a tambaye ni ko akwai "baƙin kek ɗin nan mai man shanu", za ta ajiye wa baƙinta.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kukis ne suka fara ƙarewa, tun ranar Sallah da yamma. Burawuni mai danshin matasa ne suka cinye shi; manya sun fi miƙa hannu ga na minti 28. Kukis ɗin da na ɗaura a leda na ba 'yan yawon Sallah cakulan ɗinsu ya narke a hanya ya shafe ledar, don haka na rabo a wannan yanayi gara a yi su da koko a cikin kwaɓi da gyaɗa kawai, babu gutsattsari.

Mata biyu sun tambaya ko ina karɓar oda. Burawuni zan iya, lissafinsa na fita. Kukis mai cakulan na gaske, a farashin yau, wanda zai biya abin da ya ci bai yi yawa a unguwarmu ba, kuma ba na son in koma na kwaikwayo in kira shi da sunan wancan.

Saura gwaji biyu. Na farko riɗi: in soya shi in niƙa har ya fitar da mai, in yi masa zane a saman burawuni kafin ya shiga obin. Na biyu sai damina ta sauka, don mazarƙwailar da ta cece ni a hunturu danshi take ja, kuma a watan Agusta iska cike take da shi. Ina zaton sai an rage ta zuwa giram 80 an ƙara farin sukari, a kuma nemi robar ajiya mai murfi da ke kamawa sosai. Babbar Sallah tana farkon Yuni, lokacin ruwa ya fara, a nan zan fara aunawa.